Toshe Bakin Ɗalibai Ba Magani Ba Ne

A 1978 gwamnatin soja ta soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wato NUNS, bayan zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci. Hankali bai kwanta ba, domin a watan Mayun 1986 'yan sanda sun harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Mu iyaye mukan ce, "Karatu ya kai ka, ba ruwanka da ƙungiya." Kuskure muke yi. In an ɗauke ruwa a ɗakunan kwana, ko an ƙara kuɗin makaranta, wa zai kai kuka gaban hukuma? Inda babu wakili, sai a koma jifa da ƙone-ƙone. Mu bar natsattsun 'ya'yanmu su tsaya takara, su jefa ƙuri'a. In sun ja baya, 'yan ta-more ne za su hau kujerun.