Hoton waya bai isa tahkiki ba

A ɗakin kakana a Mafaza, bakin kogin Rahad, akwai wata gafaka da ya ce ta taso daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka nufo gabas. A cikinta akwai ƙasidun Abdullahin Gwandu da wasu waƙoƙin ajami. Bara wani ɗan uwa ya turo mini ɗaya daga cikin ƙasidun nan ta WhatsApp, an buga ta tsaf da kwamfuta, an rubuta a samanta wai "ingantacciya". Na ɗauko ta gidanmu na gwada. Baiti biyu babu su, kalmomi da dama kuma sun sauya kama.

Na san inda ɓarnar ta fito. A rubutun magaribi da malamanmu suka gada, fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙafun kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Yaron da ya tashi da rubutun makarantun Sudan ko na Masar, da ya ga ɗigo ɗaya a sama sai ya buga fa'un. Ma'ana ta tafi, shi kuwa ko a jikinsa. Ga shi takardun namu ba a ɗinke suke ba, kalmar da ke ƙasan shafi ce kaɗai ke nuna wanda ke biye. Mai ɗaukar hoto ya yanke ta don hoton ya yi kyau.

Masu wannan aiki cewa suke ai gara haka da gara ta cinye. Na yarda a ɗauki hoto, balle yanzu da yaƙi ke cin Sudan tun Afrilun 2023. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwafe kwafi ɗaya, a gyara abin da ba a gane ba, a ɓoye cewa an gyara.

Turawa sun sha wannan wahala da waƙoƙin Latin. Waƙar Lucretius, mafi yawan dogaronta a kan kwafi biyu ne na ƙarni na 9 da ke Leiden. Karl Lachmann, a bugunsa na 1850, ya bi kurakuran da kwafe-kwafen suka yi tarayya a kansu har ya gano wa ya kwafa daga wa. Mu da muka gaji ilimin isnadi ya kamata mu riga kowa fahimtar wannan. Kwamfuta ma sauƙi ta kawo: babu ƙarancin takarda, kana iya jera duk saɓanin a ƙarƙashin baiti, kowa ya gani da idonsa.

Mervyn Hiskett ya fitar da Tazyinul Waraƙat a Ibadan a 1963. Akwai kwafe-kwafe a Gidan Tarihin Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House a Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. To namu fa? Kwafin da ya rabu da Sakkwato fiye da shekara 120 bai gaji kurakuran da aka yi can bayan tafiyarsa ba, nasa kurakuran daban ne. Shi ya sa shaidarsa ke da tsada, a Mafaza yake ko a Maiwurno.

Na mayar wa ɗan uwan nan da hoton shafukanmu har da gefensu, na tambaye shi daga wane kwafi aka ɗauko tasa. Har yau ina jiran amsa.