Fareti da Shawarar Shiga Aikin Soja

Idan sojoji suka jeru a Dandalin Eagle da ke Abuja ranar 1 ga Oktoba, badujala na tashi, takalma na dukan ƙasa a tare, zuciyar matashi takan motsa. Sai dai wannan sha'awa ba ta daɗewa. Kafin ya nufi barikin horar da kuratan soja na Zariya, wanda aka kafa a 1924, matashi yakan dubi tsohon sojan unguwarsu mai jiran fansho, da matar wanda ya kwanta dama a dajin Sambisa tana fafutukar haƙƙin marayunta. Daga halin da ya gan su yake yanke shawara. Don haka rundunar da ke neman matasa masu kishin ƙasa, ya kamata ta fara da kyautata wa waɗannan bayin Allah.