Tsani a kan babur, durom a adaidaita: Ina masu wanke gilasan Kano suka tsaya a dokar hanya?

Duk wanda ya saba bin Titin Ibrahim Taiwo da sassafe, kafin 'yan Kantin Kwari da Singa su buɗe shaguna, ba zai rasa cin karo da irin wannan ba: babur ɗauke da mutum biyu, na baya ya saɓa tsanin alminiyom a kafaɗa, rabinsa ya wuce kan direba, rabi kuma yana lilo a baya. Bokiti na rataye a hannun babur, an ɗaure jarka biyu da roba a gefe.

Wani lokaci kuma a adaidaita sahu ne, an ɗora tsanin a kan rufi, an tura durom ɗin ruwa inda fasinja ke zama.

Masu wanke gilashi ne, kuma kasuwarsu na ƙara buɗewa. Sababbin benaye da filazozin da ake ginawa a Fagge da Sabon Gari da yawansu gilashi ne a gaba, ga bankuna da otal-otal da shagunan waya. Sai dai hanyar da ma'aikatan ke bi su isa wurin aikin da kayansu ta sa su a tsaka mai wuya: doka na kallon su a matsayin masu laifi, manyan kwastomomi kuma na kallon su a matsayin 'yan buga-buga.

Ƙurar da ke kawo ciniki

Gilashi ba ya daɗewa da tsabta a Kano. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan komai. A titi irin Ibrahim Taiwo akwai ƙarin hayaƙin motoci da na janareta, wanda ke sa ƙurar ta manne.

Saboda haka aikin ba na yi-sau-ɗaya ba ne. Mai shagon da ke son a hango kayansa daga waje dole ya riƙa kiran mai wanki akai-akai, kuma a nan ribar sana'ar take.

Matsalar ita ce kayan aikin. Tsumma da omo da robar goge gilashi ba su da nauyi. Tsani da ruwa su ne jidali. A gari irin Kano, inda unguwanni da dama suka dogara da 'yan ga-ruwa, mai wanki ba zai dogara da cewa zai tarar da famfo na zuba a wurin aiki ba. Ko dai ya sayi ruwa a can, ko ya taho da abinsa.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, durom mai lita 200 kuwa ya fi babur ƙirar Boxer nauyi. Adaidaita sahu ta fasinja an ƙera ta ne don direba da mutum uku, wato durom ɗaya ya kusa cinye nauyin da aka yi ta dominsa tun kafin ma'aikatan su shiga.

Kuma ruwa ba kamar buhun shinkafa yake ba. Idan durom bai cika ba, ruwan na gudu gaba idan an taka birki, ya koma gefe idan an sha kwana. Abin hawa mai ƙafa uku dama bai da wuyar kifewa, to balle an ɗora masa kayan da ke motsi da kansu.

Me doka ta ce?

Hukumomi uku ne mai irin wannan lodi zai iya faɗawa hannunsu: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar ababen hawa na VIO, sai kuma KAROTA, wadda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a 2012. Ban da 'yan sanda.

A jadawalin laifukan da ke cikin dokar FRSC ta 2007, lodin da ya wuce ƙa'ida na da tarar naira 10,000. Rashin ɗaura jan ƙyalle a kan kayan da suka zarce tsawon abin hawa laifi ne mai zaman kansa, tararsa naira 3,000. Hawa babur ba tare da hular kwano ba kuma naira 2,000.

Idan aka auna wancan babur na farko da wannan jadawali, zai yi wuya ya tsallake ko ɗaya daga cikin ukun.

Ta hular kwano ma labari ne daban. Lokacin da aka fara tilasta ta a Janairun 2009, 'yan acaɓa a Kano sun yi ta kifa ƙwarya a ka, har labarin ya zaga duniya. Tun daga lokacin dokar tana nan a takarda, amma a titi sai wanda ya ga dama.

Abin da ya fi ɗaure mai wanke gilashi a Kano shi ne dokar hana goyo. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta haramta ɗaukar fasinja a babur a ƙananan hukumomin cikin birni, kuma Fagge na ciki.

An yi dokar ne saboda tsaro, ba a yi ta da masu sana'ar hannu a zuciya ba. Amma dogon tsani ba ya tafiya a babur sai da mai riƙe shi, kuma aikin bene ba ya yiwuwa sai da wanda zai dafa tsanin a ƙasa. Wanda ya ɗauki yaronsa ya shiga hurumin dokar goyo. Wanda ya bar shi ya ɗaure tsanin a jikin babur, ya tuƙa da hannu ɗaya yana tallafe da shi da ɗayan, ya fi zama haɗari ga kowa.

Sai a koma adaidaita. Ita ma an shigo da ita ne zamanin Malam Ibrahim Shekarau don jigilar mutane, musamman mata, kuma rajistar da ake yi mata ta fasinja ce. A Yulin 2022 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta taƙaita zirga-zirgarta daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, alhali lokacin da ya fi dacewa a ratsa Ibrahim Taiwo da dogon tsani shi ne bayan sallar asuba, kafin titi ya cushe.

Direban adaidaita kuma ba ya son abin da zai haɗa shi da KAROTA. An ga yadda dangantakar take a yajin aikin da suka yi a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 na kullum, da wanda suka sake yi a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista. Idan ya yarda ya ɗauki tsani, sai ya saka kuɗin kasadar a cikin kuɗin haya.

Idan tsani ya fasa gilashin motar wani

Akwai batun da ba a cika tunawa da shi ba sai an yi ɓarna, wato inshora.

Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna zuwa naira 15,000 ga motar gida, naira 5,000 ga mai ƙafa uku, naira 3,000 ga babur. Rundunar 'yan sanda ta sanar da fara tilasta ta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025.

Kuɗin ba su da yawa idan aka kwatanta da gilashin gaban mota guda. To amma takardar na aiki ne a kan amfanin da aka rubuta a cikinta. Wanda ya yi inshorar babur na hawan kansa, sannan ya mayar da shi na ɗaukar kayan sana'a da lodin da ya saɓa ƙa'ida, ya ba kamfanin inshora hujjar yin gardama ranar biya. Kuma irin wannan inshora ba ta biyan mai babur ɗin raunin da shi kansa ya ji.

Abin da ke faruwa galibi shi ne a taru a gefen titi, a yi ta ba da haƙuri, a ƙare da "nawa za ka iya?". Ribar wata guda na iya tafiya a nan.

Abin da maigadi ke gani

Ɗaya ɓangaren matsalar ba ta shafi jami'in hanya ba, ta shafi maigadin da ke ƙofar banki ko otal.

Mai wanke taga yana ganin abin da ke cikin ofis. Yana hawa inda ba kowa ke hawa ba, yana sanin tagar da ba ta kulluwa. Don haka amana ake saya kafin tsabta. Mai shago a Kwari zai iya yarda da yaro saboda ya san ubangidansa ko unguwarsu, kamar yadda aka saba a kasuwa. Banki ba ya aiki da "ai ɗan gidan wane ne". Yana neman rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da asusun banki da sunan kamfani, da rasit, da katin shaidar ma'aikata.

Shi ya sa manyan ayyuka ke tafiya ga kamfanonin shara da goge-goge masu mota da yunifom. Ba lallai ne sun fi iya wankin ba, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar waɗanda ke kan tsanin irin yaran nan ne da aka ɗauka aikin yini.

Wasu matasan sun gane haka, sun fara ɗinka riga iri ɗaya, suna buga suna da lambar waya a baya, suna saka hotunan aikinsu a Facebook da WhatsApp. Dabara ce mai kyau kuma ba ta da tsada. Amma riga mai tambari a kan babur mai tsani yana lilo ba ta gyara komai ba, sai ma ta sanar da duk wanda aka kusa tsokane wa ido sunan wanda zai guje wa.

Su ma masu ba da aikin ba su kuɓuta ba. Mai filaza da ke son a zo masa da mota da ɗamarar kariya, sannan ya yi tayin kuɗin da ko man motar ba za su saya ba, shi ne ke kiran babur da tsani ko bai faɗa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, hayar a-kori-kura don aikin tagogi goma ta daina zama lissafin da ke fita.

Yadda wasu suka ɓullo wa abin

A Birtaniya an san mai wanke taga da tsani da bokiti shekaru aru-aru. Dokar aiki a wuri mai tsayi ta 2005 ba ta haramta tsani ba, amma ta ce a guji hawa sama idan akwai yadda za a yi aikin daga ƙasa. Wannan ya ƙara tura masu sana'ar zuwa doguwar sanda mai burushi a kai, wadda ake tura tataccen ruwa ta cikinta, ma'aikaci na tsaye a ƙasa.

Sai matsalar ta tashi daga tsani ta koma tanki. Mota mai ɗauke da lita 500 tana ɗauke da rabin tan na ruwa, ga iyakar tan 3.5 da lasisin ƙaramar mota ya yarda da shi. Saboda haka a can ma muhawarar nauyi da yadda ake ɗaure tanki da abin da inshora za ta karɓa ba ta ƙare ba. Bambancin shi ne ƙa'idar a rubuce take da ma'auni: kayan da suka zarce bayan mota da fiye da mita ɗaya dole a yi musu alamar da za a gani, idan sun wuce mita biyu sai da allo na musamman.

Abin da Kano za ta iya ɗauka a nan sandar ce, ba motar ba. Sanda mai zugewa tana naɗewa ta shiga adaidaita ba tare da ta leƙo waje ba, kuma tana isa hawa na biyu ko na uku, inda mafi yawan gilasan Fagge da Sabon Gari suke. Sai dai tana da nata haɗarin a titin da wayoyin lantarki ke ratsa gaban benaye, musamman idan ta ƙarfe ce. Haka ma tsanin alminiyom.

Ga mai ƙaramin jari kuwa, akwai mafitar da ke gabansa tun tuni. Babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, mai buɗaɗɗen baya, don lodi aka yi shi, kuma mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su riƙa hayarsa tare. Jarkoki cikakku a jere sun fi durom rabi zama lafiya. Wanda kwastomominsa ke titi ɗaya zai iya ajiye tsaninsa wurin wani maigadi a kusa, ya sayi ruwa hannun ɗan ga-ruwa, ya zo da bokiti kawai. Jan ƙyalle kuwa ko a ragowar yadin tela ana samu.

Giɓin da ya rage na hukuma ne. Mai wanke gilashi ba shi kaɗai ke yawo da dogon kaya ba. Mai gyaran wuta da mai fenti da mai ɗaura tauraron ɗan'adam da mai haɗa sola da mai walda da ke ɗauko rodi duk a layi ɗaya suke, kuma kowannensu na koyon iyakar doka ne a ranar da aka tare shi.

Abin da suke buƙata bayani ne a Hausa, a rediyo da tashoshin adaidaita, da ke fayyace tsawon da kaya za su iya zarcewa, da irin abin hawan da aka yarda ya ɗauki tsani, da matsayin yaron aikin da ke bayan babur, da kuɗin tara da inda ake biya. KAROTA na da jami'ai a kusan kowace mahaɗa daga Kwari zuwa Bata, kuma su ne za su fi kowa hutawa da gardama idan mai tsani ya san ƙa'idar tun kafin ya baro gida.