Kada Muryoyinsu Su Bi Su Kabari

Kowace shekara, idan ɗaliban aji shida suna cika takardar da za a buga tare da hotunansu a wannan mujalla, akwai tambayoyi biyu da ba sa tsallakewa: fim ɗin da ka fi so, da mawaƙin da ka fi so. Wani yaro yakan bar gurbin aikin da yake so ya yi nan gaba fayau, amma waɗannan biyu sai ya cika su har ya ƙetare layi. Mu malamai da muke duba takardun kafin a kai su wurin bugawa mun daɗe muna lura da amsoshin. Sunayen Legas ne da na Amurka, sai 'yan wasan Indiya da na Koriya, sai mawaƙan bishara na zamani. Ba mu da faɗa da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya dame mu shi ne sunayen da ba ma gani. Da wuya ka ga yaron da ya rubuta Ɗan Maraya Jos, ko Samanja, ko Bala Miller. Da yawa ma ba su san an taɓa yin waɗannan mutane ba.

Yaro ba ya son abin da bai taɓa ji ba, saboda haka ba za mu ɗora musu laifi ba. Amma a ganinmu wannan hasara ce, kuma makaranta irin tamu tana da hannun da za ta sa a gyara. Mawaƙa da 'yan wasan da muke magana a kansu duk sun riga mu gidan gaskiya. Su ne suka bar wa Arewa wani abu da Kirista da Musulmi suka mallaka tare, ba tare da wani ya ce wa wani nawa ne ba.

Bari mu fara da Ɗan Maraya. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa kuma suka rasu tun yana ƙarami, daga nan sunan ya samo asali. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da jerin makaɗa. Kayan aikinsa duka kuntigi ne, wato ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Da wannan ɗan abu ya zagaya ƙasashen duniya. Abin da ya bambanta shi da yawancin mawaƙan zamaninsa shi ne mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa. Wasu suna bin sarakuna da attajirai, shi kuwa ya tsaya a tashar mota ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke kwana a kan kaya, yana sa waigi, ba wanda ya san sunansa. A cikin Jawabin Aure shi kaɗai yake zama miji ya kuma zama mata, yana sauya murya, har mai sauraro ya ga gidan da rigimar da ke cikinsa kamar yana tsaye a tsakar gida. Ya yi Auren Dole, ya yi Mai Akwai da Babu, ya yi Gulma-Wuya. Duk malamin da ya taɓa koyar da sura ta 3 ta wasiƙar Yakubu, inda ake gargaɗi a kan ɓarnar harshe, ya san wahalar sa 'yan aji biyu su natsu. To, a gwada sa musu Gulma-Wuya tukuna, sa'an nan a buɗe Littafi. Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Yaran da aka haifa a shekarun da ya yi jinyarsa ta ƙarshe su ne yau suke zaune a azuzuwanmu.

Sai Samanja. Waɗanda suka tashi a gidan da ke da talabijin ɗaya tak a unguwa sun san yadda tsakar gida take cika da yara idan lokacin Samanja Mazan Fama ya yi. Usman Baba Pategi, wanda ya fito a wannan matsayi, ya yi soja da gaske kafin ya mai da rayuwar bariki abin dariya a talabijin ta Kaduna. Sunan kansa ma daga bakin sojoji ya fito, haka suke kiran sajan-manjo. Hausarsa ta bariki ce, a gauraye da Turancin da ba a koyarwa a aji, kuma a nan daɗin yake. Iyayenmu da kakanninmu da yawa sun yi soja, sun bar ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna da Tangale da Numan suka zauna a bariki, irin wannan Hausa kuwa ita ce suka dawo da ita gida. Idan tsohon soja ya kalli Samanja yana dariya har da hawaye, kansa yake gani. A lura kuma, Pategi Banufe ne. Hausa ba harshen gidan ubansa ba ce, kamar yadda ba harshen gidan uban yawancinmu ba ce, mu da muke addu'a da ita, muna raira Littafin Waƙoƙi da ita kowace Lahadi. Ya rasu a Nuwamba 2023.

Haka nan Cock Crow at Dawn, wasan manoma da NTA ta fara nunawa a 1980, wanda aka ɗauka a ƙasar Filato. Da Turanci aka yi shi, amma ƙasar da mutanen namu ne. Kasimu Yero, mutumin Zariya, shi ne Gaga, kawun nan mai taurin kai da kowa yake jin haushinsa amma ba mai so ya bar wasan. Sadiq Daba kuwa shi ne Bitrus. Musulmi ne ya ɗauki sunan Bitrus, ƙasa duka ta riƙa kiransa da shi har tsufansa, ba wanda ya ga abin magana a ciki. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a Maris 2021, bayan doguwar jinya wadda sai da aka nemi taimakon jama'a kafin a iya biyan kuɗin magani. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani a kan yadda ƙasar nan take riƙon waɗanda suka ba ta dariya.

Kada a ce kyautar daga gefe ɗaya take zuwa. Bala Miller ɗan fasto ne, mahaifinsa yana cikin Hausawan Zariya na farko da suka karɓi bishara, an kuma haife shi a Pankshin a 1928. Ya ɗauki ƙaho da jita da ganguna irin na Turawa ya sa su yi magana da Hausa, ƙungiyarsa ta yi tashe a Kaduna, Musulmi da Kirista suka yi rawa da Ikon Allah. Ya rasu a 2003.

Mun san abin da wasu iyaye da dattawan ikilisiya za su ce, domin mun sha ji. Na farko, za su ce waƙoƙin duniya ne, me ya haɗa makarantar mishan da su? Muna girmama wannan damuwa, ba kuma mu ce kowace waƙa ta dace da kunnen yaro ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, gwani ne da ba a yi kamarsa ba wajen sarrafa Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Duk da haka yana da zambo da wasu waƙoƙi da ba za mu sa wa 'yan aji ɗaya ba. Aikin malami ke nan, ya zaɓa. Haka muke yi da littattafan Turanci da ke cikin manhaja, ba mu taɓa cewa a ƙone su duka domin wani shafi ba. Manzo Bulus kansa, sa'ad da ya tsaya a Atina cikin sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni, ya kawo maganar mawaƙan Helenawa don ya jawo hankalin masu jinsa. Ashe ya san waƙoƙinsu ke nan. Kuma gidajen da suke ƙyamar Ɗan Maraya su ne gidajen da Jim Reeves yake tashin mutane da safiyar Lahadi, alhali rabin waƙoƙin Jim Reeves na soyayya ne.

Magana ta biyu ta fi ta farko nauyi, ba a kuwa cika faɗinta a fili ba: wai waɗannan na Hausawa ne, ba namu ba. Wannan magana sabuwa ce. Tun daga rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 garuruwanmu suka rabu, kowa ya koma unguwar masu addininsa. Ɗalibanmu na yau duka bayan wannan aka haife su. Akwai yaron da zai gama aji shida bai taɓa cin abinci a gidan Musulmi ba, haka kuma a can gefen. Idan muka bar shi ya ɗauka cewa kuntigi da kalangu kayan wasu ne, mun ƙara masa bulo ɗaya a kan katangar da ya tarar. Mahaifinsa kuwa ya san cewa a sinimar Kwararafa ba a tambayar kowa sunansa kafin a sayar masa da tikiti, kowa ya yi ihu tare idan jarumin Indiya ya kama mugu.

Ga wani abin da ya sa muke gaggawa. Jim Reeves ya mutu a haɗarin jirgin sama tun 1964, kafin a haifi yawancin malaman makarantar nan, amma muryarsa tana nan tas domin kamfaninsa ya adana ainihin faya-fayan. Namu fa? Kaset yakan yi fumfuna, zarensa ya tsinke, bera ya ci kwalin. A dā gidajen talabijin a ƙasashe da yawa, har da Ingila, sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa saboda tsadar kaset. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Berlin a 2018. Wannan ya yi sa'a. Abin da ake samu a intanet na Samanja da Ɗan Maraya kuwa, sau da yawa wani mai kishi ne ya kwafa daga tsohon kaset ɗinsa, hoton yana rawa, muryar tana shaƙewa. Wato abin da ke cikin akwatin kakarka a ƙauye yana iya zama shi kaɗai ya rage.

Saboda haka ga roƙonmu ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. A ware daren Asabar ɗaya a kowane zango, cikin dararen nishaɗin da muke da su tun dā, a nuna wasa ɗaya ko a saurari mawaƙi ɗaya daga cikin waɗannan, malamin Hausa ya yi bayani na minti goma kafin a fara, ɗalibai su yi tambaya bayan an gama. Ƙungiyar wasan kwaikwayo tana iya ɗaukar Jawabin Aure ta mai da shi wasa na mutum biyu. Ƙungiyar mawaƙa kuma ta nemi wanda ya iya haɗa kuntigi ya koya wa yara. Gwangwani da fata ba za su ci kuɗin makaranta ba.

Ku kuma ɗalibai, idan kun je hutu, ku tambayi iyayenku da kakanninku ko akwai tsofaffin kaset ko faifan garmaho a gida. Kada ku sa su a rediyo don gwaji, domin tsohon zare yakan naɗe ya lalace a take. Ku nemi izini, ku rubuta sunan mai shi a jikin kwalin, ku nannaɗe a cikin tsumma mai tsabta, ku kawo ofishin malamai a makon farko na sabon zango. Za a kwafe a kwamfuta, a mayar wa kowa da nasa kafin hutun tsakiyar zango.