Kafin Ka Sayar Da Damen Hatsi Ka Hau Motar Kallo

Godiya ta tabbata ga Allah Mai jujjuya dare da rana, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Azarori da kewaye, hunturu ya sauka, hatsi ya shiga rumbu, lokacin tafiye-tafiye ya kama. Wasu sun nufi bida, wasu sun duƙufa kan albasa a fadama. Waɗannan Allah Ya yi musu albarka. Maganata a yau tana kan kashi na uku: masu ɗaura niyyar tafiyar kwanaki domin kallon bukukuwa, waɗanda idan an yi musu nasiha sai su ce al'ada ce, ai Allah ma Ya ce a yi tafiya cikin ƙasa.

Haƙiƙa Alƙur'ani ya yi umurni da tafiya cikin ƙasa, amma a wurare da dama ya haɗa umurnin da duban yadda ƙarshen masu ƙaryatawa ya kasance. Tafiyar wa'aztuwa ce. Kuma Suratu Ƙuraishin, wadda yaranmu suke hardacewa tun suna kan allon farko, ta ambaci tafiyar hunturu da sunanta. Fatauci ne Ƙuraishawa suke zuwa Yaman a lokacin sanyi, su nufi Sham a lokacin zafi, kuma abin da surar ta nema gare su a kan wannan ni'ima shi ne bautar Ubangijin Ɗaki. Wanda zai kafa hujja da aya, ya karanta ta har ƙarshenta.

Mu ɗauki kokowa, tunda ita ce ta fi jan samarinmu. Ban ce kokowa haramun ce ba, kuma ina saɓa wa masu gaggawar faɗin haka. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi kokowa da Rukana, ya kuwa kayar da shi. Gasar takobin ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, tana tara ƴan kokowa goma daga kowace jiha cikin jihohi takwas, ana kuma shafe kamar kwana goma ana karawa. Ƙarfin jiki da zumunci tsakanin jihohi ba abin ƙi ba ne. Abin tambaya shi ne halin ɗan kallo. Ya shiga fili tun da hantsi domin ya samu wuri, ya ƙi tashi kada a zaune masa, Azahar ta wuce shi, La'asar ta wuce shi yana ihu, sa'an nan bayan Isha'i ya tattaro su ya sassara raka'a bibbiyu, wai shi matafiyi ne.

To, a nan fiƙihu yana da magana. A mazhabar Imamu Malik, ƙasaru sunna ce ga wanda ya nufi tafiyar buruda huɗu, wato mil 48 kamar yadda ya zo a Risala, kimanin kilomita 80. Daga nan zuwa Tawa an haura wannan, babu jayayya. Amma Shaihu Halil a Mukhtasar ya gindaya sharaɗi: kada matafiyin ya zamo mai saɓo da tafiyarsa, kada kuma ya zamo mai tafiyar wargi. Masu sharhi suka ce ƙasarun mai tafiyar saɓo haramun ne, na mai tafiyar wargi makaruhi. Ko da tafiyar halal ce tsantsa, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, ya zama mazauni, zai cika sallarsa. Mai niyyar kallon gasa tun daga buɗewa har miƙa takobi, ina ya samo raka'a biyu? Kuma ƙasaru rage adadi ne, ba izinin fitar da salla daga lokacinta ba. Haka nan wanda Juma'a ta wajaba a kansa, fita tafiya bayan gushewar rana haramun ne in ba zai riske ta a hanya ba. Direban da ya ce mota ta cika ba mufti ba ne.

Wannan duka mai sauƙi ne idan aka gwada shi da na biyu. Akwai masu zuwa Massalata, kusa da Birnin Ƙonni, domin jin abin da masu arwa za su faɗa game da shekara mai zuwa: ko damina za ta yi kyau, ko za a yi fara, ko annoba. Suna cewa gadon kakanni ne, su kallo kawai ya kai su. Ƙarshen Suratu Luƙmana ya keɓe saukar da ruwa da sanin abin da rai zai aikata gobe ga Allah Shi kaɗai. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Malamai sun bayyana cewa sallar tana nan a wuyansa, zai yi ta, lada ne babu. A ruwayar Ahmad, hukuncin wanda ya gaskata shi ya kai ga kafirce wa abin da aka saukar. Mai cewa shi bai tambaya ba, me ya sa da ya komo yake cewa bana an ce a yi shuka da wuri? Wanda kuma bai je ba, amma ya karɓi muryar a waya ya watsa ta cikin zauruka, ya ɗauke wa bokan wahalar tafiya ne.

Game da kakanni kuwa, muna da su iri biyu. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, cikin wannan yanki namu, kuma malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a ƙasar Madawa yake kwance. Rayuwarsu ta ƙare ne wajen yaƙar gauraya Musulunci da tsafi. Wanda ke neman gado, ga gado.

Sai batun guzuri, wanda matan aure suka fi kowa saninsa. Da yawa kuɗin motar nan daga rumbu suke fita, tun ba a fitar da zakka ba. Wanda hatsinsa ya kai wusƙi biyar, wato sa'i 300, ushiri ya wajaba a kansa idan ruwan sama ya shayar, rabin ushiri idan da wahalar ban ruwa aka noma. Wannan kaso haƙƙin miskinai ne, ba naka ba ne balle ka sayar ka biya kwanan gari. Ciyar da iyali kuma farilla ce, kallo kuwa iyakarsa halas. Damen da aka karyar da arha a Disamba, shi za a saya da tsada a Yuli, lokacin da ake noma da yunwa.

Wanda ya fitar da zakkarsa, ya bar wa gidansa abin da zai ishe su, ya san zai tashi daga fili in an kira salla, kuma ya tsare idonsa da harshensa, ban hana shi zuwa kokowa ba. Massalata kuwa babu sharaɗin da zai halatta ta, kada wani ya turo mini tambaya yana neman rangwame.

Daren Asabar bayan Magariba za mu karanta babin sallar matafiyi cikin Risala a masallaci. Masu shirin tafiya su zo kafin su yanki tikiti, direbobi da ƴan kabu-kabu su ma muna gayyatarsu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.