Rigar Ɗaukar Kaya: A Sassauta Wa Lebura, Kada A Ƙara Masa Buhu

Duk ɗan kasuwar da ke da sito ko motocin jigila ya san cewa dukiyarsa a bayan leburori take hawa mota, a bayansu take sauka. Sai dai da wuya a sami wanda ya taɓa sanya lafiyar wannan baya cikin lissafin riba da asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba a cututtukan da ke nakasa jama'a su kasa aiki.

Wannan ne ya sa masana'antun ƙasashen da suka ci gaba suka karkata ga wata na'ura da ake sanyawa a jiki kamar riga. Ba ta ƙarfe ba ce irin sulke. Da ƙyalle mai ƙwari, igiyoyi da ɗamara ake yinta. Idan ma'aikaci ya sunkuya zai ɗaga kaya, sai igiyoyin da suka bi gadon bayansa zuwa cinyoyi su ja, su karɓi wani kaso na aikin da tsokar ƙugu za ta yi ita kaɗai.

Rigunan iri biyu ne. Akwai masu batir da ƙananan injuna da na'urorin gane motsin jiki, irin waɗanda Farfesa Conor Walsh da abokan aikinsa suka ƙera a Jami'ar Harvard ta Amurka, da tallafin ma'aikatar tsaron ƙasar. Daga binciken nasu ne aka sami rigar ReStore, wadda hukumomin Amurka suka amince da ita a 2019 don koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya, sannan a 2020 aka kafa kamfanin Verve Motion mai yi wa ma'aikatan sito riguna. Iri na biyu ba ya buƙatar lantarki. Kamfanin Innophys na Japan ya fitar da Muscle Suit Every a 2019 kan yen 136,000 kafin haraji. Da famfon hannu ake hura mata iska, nauyinta kilo 3.8, kuma tana ba da tallafin da ya kai kilo 25.5. Rigar Apex ta kamfanin HeroWear kuwa, wadda ta samo asali daga Jami'ar Vanderbilt, da roba mai talewa kawai take aiki.

Ko shakka babu wannan ci gaba ne, amma akwai haɗarin a yi masa gurguwar fahimta. Rigar ba ta mayar da mutum ɗaya ya zama biyu. Gajiyar tsoka take ragewa, amma gwiwa da idon sawu suna nan ɗauke da nauyin buhun yadda yake. Hasali ma yawancin gwaje-gwajen da aka yi, aikin tsoka suka auna cikin ɗan gajeren lokaci. Mai siton da ya sayi riga don ya ƙara wa lebura yawan buhuna, ya cinye ribar da rigar ta kawo tun kafin ta shiga hannunsa.

A nan ne batun ya shafi Nijeriya. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta tsayar da kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace mutum ya riƙa ɗagawa, ko da yanayin aikin ya yi kyau ƙwarai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa tun a 1967 ta ba da shawarar kada babban namiji ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Buhun siminti a nan kilo 50 ne, na hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano yakan kai 100. Babu rigar da aka ƙera don irin wannan lodi.

Saboda haka matakin farko ba na sayayya daga waje ba ne. A rage girman buhu, a samar da baro da amalanke, a gina dandamalin lodi daidai da tsayin mota. Bayan haka manyan kamfanonin siminti, taki da fulawa, da masu sito a Apapa, su gwada rigunan da ba su da batir a kan leburori kaɗan, su riƙa rubuta ranakun da ciwon baya ya hana aiki kafin gwajin da bayansa, tare da lura da yadda zafin ƙasarmu ke shafar mai sanye da su.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfanoni zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Amma ɗan dakon kasuwa, wanda ake biya buhu-buhu, galibi ba ya cikin rajistar kowa; ran da ƙugunsa ya riƙe, iyalinsa ne ke biyan kuɗin. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su fara da abin da ke hannunsu, wato nauyin buhun da suke ɗora masa.