RA'AYINMU: A Mayar Mana Da Ikon Jera Fayilolinmu

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin rajista na wata ma'aikata ya ga yadda tsohon akawu yake shirya teburinsa. Fayilolin da ke jiran sa hannun shugaba suna dama, waɗanda aka gama da su suna hagu, na gaggawa kuwa suna gabansa. Ko da ido rufe hannunsa ya san inda kowanne yake. To, a ce masinja ya shigo da daddare ya tattara su duka, ya jera su bisa harufan sunayensu, wai don tebur ya yi kyan gani. Lalle da safe akawu ba zai gode masa ba. Irin wannan aikin ne kamfanin Microsoft ya yi wa masu amfani da babbar manhajarsa ta Windows, har yau kuwa bai gyara ba.

A Windows XP, wadda ta fito a shekarar 2001, mutum yana iya kashe jerin da na'ura take yi da kanta a cikin folda, ya ja kowane fayil ya ajiye shi inda ya ga dama, gobe kuma ya tarar da shi a nan. Da Windows 7 ta fito a watan Oktoba na 2009, bayan an sake gina sashen da ke nuna fayiloli, sai aka wayi gari wannan dama ta ɓace. Tun daga nan folda ba ta jeruwa sai bisa suna, ko kwanan wata, ko girma, ko nau'i da makamantansu. Windows 8 ta zo a 2012, Windows 10 a 2015, Windows 11 a 2021, ba wadda ta dawo da ita. Abin mamaki shi ne a fuskar allo, watau teburin kwamfuta, har yanzu ana iya ajiye fayil ko'ina. Ashe ke nan abin bai gagara ba.

Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. Bari mu ɗauki ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa da Hausa. Ya raɗa wa fayilolinsa suna kamar yadda hankali ya ba shi: Gabatarwa, Babi na ɗaya, Babi na biyu, har zuwa na biyar. Na'ura ta jera su bisa harufa, sai Babi na biyar ya zo farko, na biyu yana biye da shi, na uku ya koma ƙarshen babobi, Gabatarwa kuma ta faɗo ƙasansu duka. Haka nan ƙaramin ma'aikacin da ke haɗa takardun da za su raka wasiƙa zuwa ga babban sakatare: tsarin da hujja take bi daban, tsarin harufa daban. Ɗan Adam yakan tuna wurin da ya ajiye abu tun kafin ya tuna sunansa. Wanda ya hana shi zaɓen wurin ya rage masa wani ɓangare na tunaninsa.

Mun san amsar da ake bayarwa. Akan ce sabo turken wawa ne, ga akwatin bincike nan, rubuta sunan fayil ya fito nan take. Gaskiya ne bincike ya inganta ƙwarai. Amma bincike ya fi sauƙi idan an san suna, hotunan da ɗalibi ya ɗauko wajen aikin fili kuwa lambobi kawai kyamara ta raɗa musu. Wa zai haddace su? Ban da haka, mu ba mu ce a tilasta wa kowa tsohon tsari ba. Zaɓi muke nema. Mai son na'ura ta jera masa a bar shi da ita, mai son jerawa da hannunsa a ba shi hanya.

Kada kuma a ɗauka cewa abin da aka cire ba ya dawowa. Kamfanin Apple ya fito da Mac OS X a 2001 ba tare da alamun launi da ake shafa wa fayiloli a tsohuwar manhajarsa ba; a 2003 ya dawo da su. Shi kansa Microsoft ya cire jerin Start a Windows 8, jama'a suka yi ca, ya dawo da shi a Windows 10. Ya hana jan fayil zuwa sandar ayyuka ta ƙasan allo a Windows 11, bayan shekara guda, a 2022, ya janye hanin. Duk waɗannan ƙorafin masu amfani ne ya dawo da su, kuma ƙofar Feedback Hub, inda kamfanin yake karɓar koke, a buɗe take ga kowa.

Kafin nan, muna jan kunnen 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata game da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce maƙalewa a tsohuwar manhaja. An daina yi wa Windows XP gyaran tsaro a watan Afrilu na 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020. Annobar WannaCry ta Mayun 2017, wadda ta kulle kwamfutoci har a asibitocin Ingila, ta nuna abin da ke samun na'urar da ba a toshe ɓarakarta ba. Ta biyu ita ce taɓa Rajistar Windows, watau ma'ajin saitunan manhajar, inda masu sani suka gano cewa sauya waɗansu lambobi yakan farfaɗo da tsohon tsari. Kuskure ɗaya a can yana iya birkita na'ura. Wanda zai gwada ya fara adana kwafin aikinsa a wani wuri, kada kuma ya kusanci kwamfutar ofis ko ta ɗakin karatu da wannan gwaji. Garin neman gira kada a rasa ido.

Hanya mai lafiya a yanzu ita ce a fara sunan fayil da lamba, 01, 02, 03, a kuma rubuta kwanan wata da shekara a gaba, sai wata, sai rana. Wannan dabarar wucin gadi ce, ba ta sauke wa kamfanin nauyin da ke kansa ba.

Daga ƙarshe, akwai darasi a nan ga mu kanmu. Cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe za su tsara fom da manhajojin ma'aikatu. Ranar da za ku soke wani tsohon tsari, ku fara zuwa ofishin rajista ku tambayi akawu me yake yi da shi.